Wasan Kwaikwayo da Mizanin Auna Shi

Muna miƙa gaisuwa ga iyayenmu da malamanmu, da ƙannenmu 'yan makaranta, na Nima da Mamobi, da Sabon Zongo da Fadama, da Madina da Ashaiman, da duk inda Allah ya kai muryar nan a cikin birnin Ankara na ƙasar Gana da kewayensa.

Amma ba'adu, mas'alar da muka ɗauko yau ita ce wasan kwaikwayo, da ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa don nazarinsa. Dalilin ɗauko ta kuwa shi ne, mutanenmu, duk da kasancewarsu ma'abota son kallo, har ya zama da wuya ka shiga gidan haya da dare ba ka ji muryar 'yan wasan Kano ko na Indiya tana fitowa daga wani ɗaki ba, idan aka tashi daga kallon aka tambayi mutum ra'ayinsa, galibi ba ya wuce ya ce abin ya yi daɗi, ko kuwa bai yi ba. Alhali kowane fanni yana da mizaninsa da isɗilahinsa, nahawu da nasa, fiƙihu da nasa, wanda kuma ya yanke hukunci ba da mizani ba, ko da ya dace da gaskiya, sa'a ce kawai ya taka, ba zai iya kafa hujja ba in an ja da shi.

Mu fara da ta'arifi, kamar yadda malamai suka saba. Idan kaka ta zauna da jikokinta bayan sallar lisha ta ce Gizo ya tafi fadar sarki ya yi ƙarya, to, hikaya take yi, tana ba da labarin abin da ya wuce da bakin wanda ba ya ciki. Amma ran da wani yaro ya miƙe tsaye, ya karya murya ya yi tsamin bakin nan na Gizo, ya durƙusa gaban ɗan'uwansa ya kira shi sarki, ya shara ƙaryar da bakinsa a gaban idon kowa, to, an fita daga babin hikaya an shiga babin kwaikwayo, domin abin ya daina zama labarin da, ya koma aiki mai faruwa yanzu. Wannan shi ne asalin da sauran ƙa'idoji duka suka rataya a kansa: mai hikaya faɗa yake yi, ɗan wasa kuwa aikatawa. Rukunan wasa uku ne, ɗan wasa, da ɗan kallo, da dandalin da ya haɗa su, ko dandalin nan ginin siminti ne mai fitilu, ko tabarma ce a ƙofar gida. Tsakanin ɗan wasa da ɗan kallo kuma akwai wani alkawari wanda ba a furta shi, wato kowa ya san abin ba gaskiya ba ne, kowa kuma ya yarda a ɗauke shi tamkar gaskiya har a tashi.

Duk wanda ya taɓa halartar bikin ƙarshen shekara na makarantun Islamiyyarmu, ko taron Maulidi inda ake ba yara fili, ya ga rukunan nan da idonsa. An tare lungu da rumfar haya, an jera kujerun roba, mata gefe maza gefe, an ɗaura zanen gado a jikin igiya ya zama labule, lasifika tana ta ƙara tana ɗaukewa. Sai ga yaro ɗan shekara goma ya fito sanye da babbar rigar mahaifinsa tana jan ƙasa, an manna masa gemun auduga, yana dogara sanda yana tarin tsufa. Mahaifiyarsa na zaune a sahu na biyu, ta san ɗanta ne, ita ta yi masa wanka da safe, amma da wasa ya kai inda 'ya'yan tsohon suka kore shi daga gida, sai ka ga ta kai gefen mayafi tana share ido. Ba ruɗewa ta yi ba, alkawarin nan ne ta cika.

Abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. A Kano da Zariya da Katsina, idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fita tashe gida-gida, wannan ya yi shigar tsoho, wancan ya yi ta mai magani, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata. Akwai wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, mai abin yana kallo, ya ga halinsa a jikin wata. Akwai kuma 'yan kama, masu ɗaukar muryar malamai su mai da karatu ya koma zancen tuwo da miya. Rubutawa a takarda ce ta zo daga baya. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa tsara gajerun wasanni na sukar zalunci da algus, Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, Muhammadu Sada kuma ya rubuta Uwar Gulma aka buga a 1968. A nan ƙasar Gana kuwa, tun wajen 1918 wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Master Yalley ya fara abin da daga baya ya zama wasan konsat, Bob Johnson ya ɗauka ya zagaya da shi garuruwa, E. K. Nyame ya kafa ƙungiyarsa ta Akan Trio a 1952 ya haɗa wasan da kiɗan hailaif da harshen mutanen ƙasa. Iyayenmu da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 kuma ba su manta da wasan Osofo Dadzie na talabijin ba. Mun san malamai sun yi saɓani game da hukuncin wannan sana'a, wasu sun ƙyamace ta, wasu sun halatta ta da sharuɗɗa, wannan kuwa fagen ma'abota fatawa ne, ba mu isa mu sa baki ba. Namu shi ne, tun da ana yi, a san yadda ake yi.

To, mu buɗe littafin wasa mu ga yadda aka gina shi. Babban yanki shi ake kira kashi, ƙaramin yankin da ke cikinsa kuwa fitowa, sabuwar fitowa tana farawa ne galibi idan wuri ya sauya ko lokaci ya shuɗe. Kalmomin da marubuci yake sawa a cikin baka, irin su ya shigo a fusace, ko ta juya masa baya, su ne umarnin dandali, ba a furta su, aikata su ake yi, ɗalibin da ya tsallake su wajen karatu kuwa ya zubar da rabin ma'ana. Idan ɗan wasa ya rage shi kaɗai a dandali ya fito da abin da ke ransa a fili, wannan zancen zuci ne, al'adar fannin kuma ita ce a gaskata shi, domin mutum yana iya ɓoye wa abokin maganarsa gaskiya, amma ba a saba sa shi ya ɓoye wa 'yan kallo ba in ya kaɗaita da su. Wanda labari ya rataya a wuyansa shi ne tauraro ko tauraruwa, wanda ya tsaya masa a hanya abokin hamayya, wanda yake tsara wa kowa inda zai tsaya da yadda zai yi magana shi ne mai ba da umarni. Waɗannan sunaye ne kawai, haddace su ba ya cin yini guda, kuma ba su ne ilimin ba.

Ilimin yana farawa ne daga wata tambaya da Arisɗo, masanin ƙasar Yunan wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya amsa a cikin littafinsa na fannin waƙa da wasa, littafin da Abu Bishr Matta ya juya zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, wanda kuma Ibn Rushd na Ƙurɗuba, da ya rasu a 1198, ya yi wa talkhisi; tambayar ita ce, a cikin sassan wasa wanne ne ya fi daraja? Ya lissafa shida, zubin labari, da halayen mutanen ciki, da tunanin da suke bayyanawa, da lafazi, da waƙa, da abin da ido yake gani na ado da kaya, sa'an nan ya ɗora zubi a bisa, ya ajiye ado a ƙarshen sahu. Da ma masu shirya fim na zamaninmu su rubuta wannan jeri su manna a bango, don sau da yawa juya shi suke yi, su zuba dukiya wajen mota da bene da leshi, su bar labarin yana ɗingishi.

Ana rikita labari da zubi, alhali ba ɗaya suke ba. Labari shi ne yadin, zubi kuwa yanka da ɗinki, telolin Nima sun fi kowa sanin ana ba mutum biyu shadda iri ɗaya, ɗaya ya fitar da rigar zuwa idi, ɗaya ya fitar da buhu. Zubi shi ne shawarar da marubuci ya yanke ta abin da zai fara nunawa, da abin da zai ɓoye sai can gaba, da abin da zai bari ya faru a bayan labule a zo a ba da labarinsa. Sharaɗin kyansa kuwa shi ne kowane al'amari ya zama sababin wanda ke biye da shi, har ya zama in ka zare fitowa guda sai ginin ya rushe. Wasan da za ka cire masa fitowa uku ba wanda ya lura, wannan tarin aukuwa ne, ba zubi ba. Abin da yake tura zubi gaba kuma shi ne rikici, ba kuwa lalle zage-zage da cin kwala ake nufi ba. Rikici yana nan duk inda mutum yake da muradi, wani abu ya tare shi, kuma akwai asarar da zai yi in bai kai ga muradin ba. Mai nazari ya fara da neman waɗannan uku kafin ya nemi kome.

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu ɗora mizanin a kan wasa guda wanda 'ya'yanmu da yawa suka karanta a sakandare, wato The Marriage of Anansewa, Auren Anansewa ke nan, na Efua Sutherland, wanda aka buga a 1975. Ita wannan baiwar Allah, wadda aka haifa a 1924 ta rasu a 1996, ita ta kafa gidan wasa na Ghana Drama Studio da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1961, aka gina shi da siffar tsakar gida irin ta gargajiya, don ta yi imani cewa wasan mutanen ƙasar nan daga zaman tatsuniya ya kamata ya tsiro. Ananse kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne Gizon mutanen Akan, halinsu ɗaya sak.

Wasan ya buɗe da Ananse cikin talauci, ga 'ya budurwa, Anansewa, zaune a gida an kasa biya mata kuɗin makarantar koyon buga tafireta. Muradi ya bayyana tun fitowar farko, kuma an nuna shi ne da abin da ido zai gani. Dabarar da ya yi ita ce ya kai hoton 'yar ga sarakuna huɗu, kowanne ya sa masa rai, ya kuma sa ita kanta ta buga masa wasiƙun ba ta san cinikinta ake yi ba. Amma ya kiyaye ƙa'ida guda ta al'adarsu, cewa muddin ba a karɓi abin sha na ɗaurin alkawari ba, duk kyautar da manemi ya kawo kyauta ce kawai, ba ta ɗaure kowa. Kuɗi suka fara shigowa, aka gyara gida, aka biya makaranta, Ananse ya shiga coci da sabuwar sutura. Ku lura, jama'a, a nan kowane daɗi da ya samu shi ne yake ƙara tsuke igiyar a wuyansa, domin yawan kyauta shi ne yawan sa rai, har ranar da saƙonni suka iso cewa sarakunan nan kowanne ya ɗaura niyyar aiko wakilai a cika al'ada. Wannan shi ne hauhawar rikici: ba daga waje aka jefo masa masifar ba, dabararsa ce ta haife ta.

Da ya rasa mafita sai ya sa 'yar ta kwanta ta yi mutuwar ƙarya, bayan ya sallami mahaifiyarsa zuwa ƙauye da wata ƙaryar don kada ta tona asiri. A nan ne wasan ya kai ƙololuwa, a nan ne kuma muke ganin wata hikima da marubuta suke ji da ita, wato a sanar da ɗan kallo abin da mutanen cikin wasa ba su sani ba. Mu mun san yarinya tana numfashi, wakilan sarakuna ba su sani ba, saboda haka kowace kalma ta ta'aziyya tana da fuska biyu, ɗaya gare su, ɗaya gare mu. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, bakin kowanne ya fallasa niyyar ubangidansa: wani mai renon 'ya'ya yake nema, wani so yake ya huce haushin wata matarsa, wani ma'aikaciya yake so ta riƙe masa harkar kasuwanci. Sai wakilan na huɗu suka zo da kayan wanda ya riga ya ɗauki yarinya matarsa a zuci, har da zobe da akwatin gawa, ya ɗauki nauyin da al'ada ba ta ɗora masa ba. Nan Ananse ya tashi matacciya, wannan ita ce warwara. Abin lura ga mai nazari shi ne, babu inda wani ya tsaya ya ce mana ga manemi na gari ga na banza. Fitowa guda ce aka shirya ta yadda kowa zai auna kansa da bakinsa. Marubuciyar kuma ta sa mai ba da labari a dandali yana tsoma baki yana tambayar jama'a, ga mai miƙa kaya yana kawo wa 'yan wasa abin da suke bukata a gaban kowa ba ɓoyo, ga waƙoƙi da ake katse labari da su kamar yadda ake yi a zaman tatsuniyar Akan. Iyakar abin da ni nake tuhumar wasan da shi, ita Anansewa an bar ta kamar kayan ciniki, kukanta bai daɗe ba aka lallashe ta, aka kuma yi sa'a wanda take so shi ne ya ci jarrabawa. Mai nazari yana da haƙƙin ya tambaya, da wani ne ya ci fa?

Wannan wasan ban-dariya ne, don ya fara da ƙunci ya ƙare da biki. Kishiyarsa shi ne wasan ban-tausayi, misalinsa kuma yana wurin marubuciyar nan a cikin Edufa, inda wani mai arziki, don gudun ajali, ya nemo asirin da zai sa wanda ya furta cewa zai mutu dominsa ya mutu a madadinsa, yana tsammanin tsohon mahaifinsa ne zai furta, sai matarsa Ampoma ta furta. Sharaɗin irin wannan wasa, a wurin Arisɗo, shi ne kada tauraro ya zama waliyyi kada kuma ya zama shaiɗan, ya zama mutum kamarmu wanda kuskurensa ya kai shi ga halaka, don tausayi da tsoro su kama mai kallo tare.

Yanzu mun iso ga jigo, inda na fi so mu daɗe, don nan ne cutar wasanninmu na Zongo take. Jigo shi ne maƙasudin da wasa gaba ɗaya yake nunawa, ba a kuwa samunsa a bakin ɗan wasa guda, sai an tattara abin da ya faru duka an tace. Jatau Na Kyallu jigonsa illar auren karuwa ne da bin son zuciya, amma abin da ya sa ya zauna a zukatan masu karatu shi ne an bar su sun ga attajiri Jatau yana toshe kunne ga masu ba shi shawara, sun ga gidansa yana watsewa da dukiyarsa tana zagwanyewa a hannun Kyallu, karuwar da ya aura, mataki-mataki. Mu kuwa a dandalin makarantunmu, abin da aka saba shi ne a fito da yaron banza wanda ba shi da wani hali sai banza, ya sha ƙwaya ya zagi uwarsa, a fito da yaron kirki wanda ko tuntuɓe ba ya yi, sa'an nan kafin a rufe labule wani ya fito da rawani ya yi minti goma yana fassara wa jama'a abin da suka gama gani. Niyyar kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada, amma ta fuskar fanni aibi biyu ne. Na farko, an raina hankalin 'yan kallo. Na biyu, wanda aka yi wasan dominsa, wato saurayin da ke tsaye can bayan rumfa, bai ga kansa a ciki ba, domin shi ya san ba haka kawai ya wayi gari ya lalace ba, akwai rashin aiki, akwai ɗaki guda da mutum takwas, akwai abokin da ya fara ba shi kyauta. Tun da ba a nuna sababi ba, sai ya ɗauka da wani ake. Wa'azi yana da mumbarinsa da ladubbansa, kuma ya fi wasa daraja nesa ba kusa ba, amma wanda ya hau dandali ya zaɓi wata hanya ce ta daban, hanyar nuni, wajibi ne kuma ya biya mata haƙƙinta.

Kada wani ya ce unguwanninmu ba su kai a yi wasa mai nauyi a kansu ba. Dokta Muhammad Ben Abdallah, haifaffen Kumasi a 1944, Musulmi, wanda ya riƙe muƙamin sakataren ilimi da al'adu a zamanin mulkin Rawlings, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya har aka gina babban gidan wasa na ƙasa da Sinawa suka gina aka buɗe a 1992, ya rubuta The Trial of Mallam Ilya, shari'ar wani malami da masu juyin mulki suka gurfanar, inda ake komawa baya a nuno rayuwarsa yanki-yanki a gaban masu tuhuma, wannan kuwa misali ne na zubin da ba ya bin jerin kwanaki. Ya kuma rubuta Land of a Million Magicians a farkon shekarun 1990, ya dasa shi a wata unguwa wadda duk mai kallo ya san Nima ake nufi, Nimar nan da Malam Amadu Futa ya sauka a cikinta da shanunsa a farkon shekarun 1930. Ginshiƙin labarin ya aro shi ne daga wasan wani Bajamushe, Bertolt Brecht, wanda aka fara nunawa a Zurik a 1943. A wasan Brecht, wasu alloli uku irin na tatsuniya sun sauko suna neman mutumin kirki ko guda, wani mai sayar da ruwa ya yi ta nema musu masauki kowa ya ƙi, sai wata karuwa ta karɓe su. Suka ba ta kuɗi ta buɗe kanti, nan da nan mabukata suka yi mata caa har jari ya kusa ƙarewa, dole ta riƙa ɓad da kama ta fito a matsayin wani ɗan'uwanta namiji mai taurin zuciya, don ya kare abin da alherinta yake zubarwa. Wasan ya ƙare ba a warware ba, aka juyo aka ce wa 'yan kallo su nemo ƙarshen da kansu. Tambayar da ya bari, ko mutum zai iya zama na kirki ya kuma ci abinci a inda kowa yake cikin yunwa, duk mai ɗan kanti a bakin kasuwar Nima wanda littafin bashinsa ya fi aljihunsa kauri ya san ba tambayar Turawa ba ce.

Saboda ƙannenmu masu sha'awar rubutu, bari mu gwada gina ɗan wasa a nan take da kayan da muka tara. A ce ga wata tsohuwa mai koko da ƙosai a Mamobi, babban ɗanta yana Italiya shekara da shekaru yana aiko kuɗi wurin ƙanensa don a gina musu gida a Kasoa. Marubuci maras haƙuri zai mai da ƙanen ɓarawo mai shaye-shaye ya huta. Amma a ce kuɗin sun tafi ne wajen asibitin tsohuwar, da kuɗin hayar shekara biyu da mai gida ya nema a dunƙule, shi kuwa yaron kunya da tsoro suka hana shi faɗa, sai ya riƙa ɗaukar hoton ginin wani yana aika wa wansa ta waya. Kada a fara wasan daga ranar da wan ya tafi. A fara daga daren da ya bugo ya ce ya sayi tikiti, zai yi babbar salla a gida, wato saura kwana tara. Ga muradi, ga shamaki, ga asara, ga kuma lokaci yana ƙurewa. Tsohuwa ba ta san kome ba, tana ta gaya wa masu sayen koko cewa ta kusa barin haya, mu kuwa mun sani, don haka duk dariyar da ta yi sai ta soke mu. Ƙololuwa ita ce fitowar da su uku suka sauka daga motar haya ta trotro suka tsaya gaban ginin, mai ginin na ainihi ya leƙo ya tambaye su wa suke nema. Abin da wan zai yi a wannan lokaci, ko ya ɗaga hannu, ko ya dubi uwarsa ya ce gini ya yi kyau don ya rufa asiri, shi ne zai zama jigon wasan, marubuci kuma ba ya bukatar ya ƙara ko kalma.

Saura lafazi, wato sarrafa harshe, wanda a wurinmu yake da wani sha'ani na musamman. Mutumin Nima yana iya gai da liman da Hausa mai ladabi, ya juya ya yi ciniki da Twi, ya yi wa direba magana da Ga, ya haɗu da abokansa su ɓarke da burokin, wato Turancin titi, duk kafin ya kai bakin titi. Marubucin da ya sa tsohuwar nan tamu ta yi Hausar littafi irin ta Kano, ko ya sa wanda ya dawo daga Italiya ya yi magana kamar bai taɓa fita lungu ba, ya ɓata hali tun kafin a kai ga aiki. A ba kowa harshensa, a kuma lura da lokacin da yake sauya shi, domin sau da yawa inda mutum ya bar Hausa ya koma Turanci, nan ne yake ɓoye wani abu ko yake neman ya fi ƙarfin abokin maganarsa. Gwajin da masu fanni suke yi mai sauƙi ne: a rufe sunayen da ke gefen takarda, a karanta maganganun da ƙarfi, in an gane mai magana ba tare da an duba suna ba, lafazi ya yi.

Lokacinmu ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasan rediyo, inda babu labule babu gemun auduga, sai murya da ƙarar ƙofa da takun sawu, mu ga yadda ake sa kunne ya yi aikin ido.